Hukuncin Maganin da Ba Ya Warkarwa: Haɗa Gashi da Ƙwaya a Ciwon Dajin GIST

Daga cikin mas'alolin da likitancin zamani ya ajiye a gaban malaman addini da masana ɗa'a akwai hukuncin maganin da aka san ba zai kawar da cuta ba, iyakarsa ya tsayar da ita na wani lokaci ko ya rage wa mara lafiya raɗaɗi. Shin yin irin wannan magani wajibi ne, ko abin so ne, ko kuwa zaɓi? Wanda ya bar shi ya jefa kansa cikin halaka ne? Wanda ya nace masa kuma tawakkalinsa ne ya yi rauni? Ciwon dajin tumbi da hanji da likitoci ke kira GIST fage ne mai kyau na nazarin wannan mas'ala, domin idan ya yi nisa akan haɗa masa magani iri biyu waɗanda ƙarfin hujjarsu ya bambanta ƙwarai. Na farko ƙwaya ce mai saiti wadda manyan gwaje-gwaje suka tabbatar da amfaninta. Na biyu gashin na'ura ne, wanda hujjarsa a wannan cuta ta tsaya a kan ƙananan bincike.

Cutar da asalinta

GIST ƙari ne da ke tsirowa a cikin bangon tumbi ko na hanji, daga wasu ƙwayoyin jiki masu tsara motsin hanji, waɗanda aka raɗa wa sunan masanin nan ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal. Fiye da rabinsa a tumbi yake fitowa, kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙaramin hanji, saura a dubura, babban hanji da maƙoshi. Cuta ce da ba ta da yawa: a ƙasashen da ake ƙidayarta, takan kama mutum 10 zuwa 15 cikin miliyan guda a shekara, galibi waɗanda suka haura shekara 50. Takan bayyana da ciwon ciki, ƙoshi da wuri, baƙin bahaya saboda zubar jini a ciki, aman jini, ko ƙarancin jini da aka rasa dalilinsa. Idan ta bazu, hanta da tantanin da ya lulluɓe kayan ciki ta fi kamawa, wani lokaci har ƙashi.

An fara kiran wannan ƙari da sunansa na yanzu a 1983, amma sai a 1998 aka gano musabbabinsa, lokacin da Seiichi Hirota da abokan aikinsa a Jami'ar Osaka ta Japan suka nuna cewa a mafi yawan masu cutar akwai tangarɗa a ƙwayar gadon da ke samar da wani furotin mai suna KIT. Aikin wannan furotin shi ne ba ƙwayar jiki umarnin ta girma ta hayayyafa idan an buƙata. Tangarɗar takan mayar da shi kamar makunnin lantarkin da ya maƙale a kunne, umarni yana ta fita babu mai kashe shi. A 2003 aka gano irin wannan tangarɗa a wani furotin ɗan'uwansa, PDGFRA, a wasu daga cikin waɗanda ba su da ta KIT.

Idan ƙarin yana wuri guda, tiyata ce maganinsa, kuma ana samun waraka da ita. Idan ya bazu ko ya kai girman da ba zai ciru ba, lissafi ya sauya. Kafin 2000 irin waɗannan marasa lafiya ba su da wata makama, domin kemo da aka saba ba masu ciwon daji ba ya tasiri a kan GIST sai a ƙalilan, kuma rabin waɗanda cutar ta bazu a jikinsu ba sa wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Ƙwayar da ta sauya lissafi

A watan Maris na 2000, a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, likita Heikki Joensuu ya fara ba wata mata 'yar shekara 50 wani sabon magani mai suna imatinib, bayan tiyata da kemo sun gaza tsayar da ciwonta. Cikin wata guda hoto ya nuna ƙarin da ke hantarta ya ragu sosai. An buga labarin a 2001, a watan Fabrairu na 2002 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin, wanda kamfanin Novartis ke sayarwa da sunan Glivec, domin masu GIST da ya yi nisa. Ana kiran irinsa magani mai saiti saboda yana zuwa kai tsaye ya toshe furotin ɗin da ya maƙale, ba ya bin duk wata ƙwayar jiki mai saurin girma da kisa kamar yadda kemo ke yi. Da zuwansa matsakaicin tsawon rayuwar masu cutar da ta bazu ya kai kusan shekara biyar, wasu kuma sun haura goma.

A aikace ƙwaya ce ta miligiram 400 da ake sha sau ɗaya a rana, a kan abinci, da babban kofin ruwa. Mai shanta yakan tashi da safe fatar idonsa a kumbure, ƙafafunsa su tara ruwa, ya yi fama da tashin zuciya, zawo, ɗaurewar jijiyar sharaɓa da gajiya. Mafi yawan mutane suna jure wannan, su ci gaba da zuwa kasuwa da masallaci.

Sai dai maganin yana da iyaka ta fuska biyu. Ta farko, yana danne cutar ne, ba ya tumɓuke ta. Wani gwaji da likitocin Faransa suka yi, mai laƙabin BFR14, ya nuna cewa waɗanda aka tsayar wa maganin bayan shekara guda suna shan sa lami lafiya, ciwon ya dawo wa mafi yawansu cikin watanni. Ta biyu, ƙarin yakan koyi bijire wa maganin. Bayan kimanin shekara biyu, a wajen rabin masu sha, sabuwar tangarɗa takan ɓullo a wani sashe na ƙarin, wannan sashe ya ci gaba da girma alhali sauran suna kwance. Domin haka aka samar da magungunan da ke biye: sunitinib a 2006, regorafenib a 2013, ripretinib a 2020, da avapritinib shi ma a 2020 domin masu wata tangarɗa ta PDGFRA da ake kira D842V, wadda imatinib ba ya ci. Galibin waɗannan matakai na gaba amfaninsu ya fi na imatinib gajarta, watanni ake ƙirgawa.

Inda gashi ya shigo

An daɗe ana koyar da cewa GIST ba ya jin gashi. Dalilan wannan ra'ayi sun haɗa da cewa ƙarin yana zaune ne a tsakiyar hanji, ƙoda da hanta, waɗanda ba sa jure haske mai ƙarfi, yana motsi da numfashi, kuma idan ya bazu yakan warwatsu a wurare da yawa. Da na'urori suka ƙara iya saiti, sai likitoci suka sake duba batun. A 2013 asibitin Memorial Sloan Kettering na Amurka ya fitar da bayanin marasa lafiya 15 da aka gasa musu ƙullutu 22, aka ga mafi yawan waɗanda aka yi wa saboda zafi ko wata damuwa sun sami sauƙi. A 2015 Joensuu da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani bincike da aka tsara tun farko a kan mutum 25 waɗanda ciwonsu ke ci gaba, aka ba su gashi na kimanin girei 40 (girei shi ne ma'aunin yawan gashi) ba tare da an sauya musu ƙwayar da suke sha ba. A mutum 2 ƙullutun da aka gasa ya ragu, a 20 ya tsaya cak na aƙalla wata uku, a 3 ya ci gaba da girma. Matsakaicin lokacin da wurin da aka gasa ya yi a tsaye wata 16 ne, amma matsakaicin lokacin da cutar ta ɗauka kafin ta motsa a wani wuri na jiki wata 4 ne kawai.

Waɗannan alƙaluma biyu, 16 da 4, su ne zuciyar mas'alar. Gashi yana iya riƙe wurin da aka auna, ba ya iya riƙe cutar. Hikimar haɗa shi da ƙwaya ita ce ƙwayar ta ci gaba da danne sassan da har yanzu suke jin ta, gashi kuma ya fuskanci sashe guda da ya bijire, ko wanda ke zubar da jini, ko wanda ya danne laka, ko ya ci ƙashi yana hana barci.

Yadda ake yin sa kuwa, akan fara ɗaukar hoton ciki mara lafiya yana kwance a yanayin da za a riƙa gasa shi, a yi masa 'yan ɗige-ɗigen tawada a fata domin saiti. Daga nan kullum zai zo ya kwanta a kan gadon na'urar, hannuwa a saman kai, ma'aikata su daidaita shi da layin haske, su fita su rufe ƙofa mai kauri suna kallonsa ta kyamara. Kan na'urar zai zagaya shi yana ƙara na 'yan mintoci. Ba ya jin zafi, ba ya ganin wuta. Girei 40 a kan girei 2 kowace rana zama 20 ke nan, kwana biyar a mako, mako huɗu. Wahalar takan biyo baya: gajiya, tashin zuciya, zawo. Akwai kuma haɗari mafi girma idan an haɗa gashin ciki da sunitinib ko regorafenib, domin su biyun suna hana sababbin jijiyoyin jini tsirowa, wanda ke jinkirta warkewar rauni, ana kuma tsoron zubar jini ko hujewar hanji. Saboda haka wasu likitoci kan dakatar da ƙwayar a kwanakin gashi. Babu wani babban gwaji na kwatance da ya nuna cewa haɗin yana ƙara tsawon rai.

Asalin hukuncin neman magani

Malaman Musulunci sun haɗu a kan halaccin neman magani, sun saɓa a kan matsayinsa. Hujjar masu kwaɗaitarwa ita ce hadisin Usama ɗan Sharik da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya umarci wasu ƙauyawa da su nemi magani, ya sanar da su cewa kowace cuta Allah ya sanya mata magani in ban da tsufa. Hujjar masu ganin ba dole ba ne ita ce hadisin Ibn Abbas a Buhari da Muslim game da matar nan mai farfaɗiya, wadda aka ba zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri a kan ladan Aljanna, ta zaɓi haƙuri, ba a kuwa zarge ta ba. A kan haka Hanafiyya da Malikiyya suka tafi a kan halacci, Shafi'iyya a kan mustahabbanci, aka kuma ruwaito daga Imam Ahmad cewa bari ya fi ga wanda zai iya haƙuri. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun ƙarnoni, ta kawo babi a kan magani inda ta halatta shan magani, tsaga da lalas, ta kuma yaba ƙaho.

Batun cewa magani yana karo da tawakkali kuwa, mafi yawan malamai sun kore shi. Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi bayani a Zadul Ma'ad cewa neman magani kamar kore yunwa da abinci ne, kuma barin sababin da Allah ya ɗora wa sakamako shi ne ke naƙasa tawakkali. Akan kafa hujja da labarin Sayyidina Umar (RA) lokacin da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce. Maganar Bahaushe cewa cuta ba mutuwa ba ce, sai kwana ya ƙare, tana tsaye a kan wannan aƙida: ajali a rubuce yake, sababi kuma aikin bawa ne.

Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ce magani yana iya ɗaukar kowane ɗaya daga hukunce-hukunce biyar gwargwadon hali. Wannan ra'ayi ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta ɗauka a zamanta na bakwai a Jidda a 1992, cikin ƙuduri mai lamba 67. Ƙudurin ya ce magani wajibi ne idan barinsa zai kai ga rasa rai ko wata gaɓa ko naƙasa, ko cutar mai yaɗuwa ce. Mustahabbi ne idan barinsa zai raunana jiki kawai. Halal ne idan bai shiga ɗaya daga biyun ba. Makaruhi ne idan ana tsoron illarsa ta fi cutar da ake son kawarwa.

Matakan sani uku

Abin da ƙudurin bai faɗaɗa ba, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya shimfiɗa shi a babin tauhidi da tawakkali na Ihya'u Ulumiddin. Ya kasa sababan kawar da cuta gida uku gwargwadon ƙarfin sanin amfaninsu. Akwai na yaƙini, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda barinsa haramun ne idan ana tsoron mutuwa. Akwai na zato, kamar ƙaho da shan magungunan likitoci, wanda yin sa ba ya rushe tawakkali, barinsa kuma ba laifi ba ne. Akwai na wahami, wanda amfaninsa tsammani ne mara tushe, kuma rungumarsa alama ce ta rataya zuciya ga sababi.

Muhimmancin wannan rabo shi ne ya ɗaure hukunci da ilimi, ilimi kuwa yana motsi. Tarihin GIST ya nuna haka a fili. A 1995 ba mai wannan cuta kemo ya fi kusa da wahami, domin an san ba ya ci. Daga 2002, ba shi imatinib bayan gwajin nama ya tabbatar da cutar ya zama zato mai rinjaye da ya kusanci yaƙini, tunda mafi yawan masu sha ciwonsu yana raguwa ko ya tsaya, bambancin kuma na shekaru ne. A fiƙihu zato mai rinjaye yana zama a mazaunin yaƙini wajen aiki, don haka wanda yake da ikon samun wannan magani ya ƙi shi ba tare da uzuri ba ya shiga ƙarƙashin kashi na farko na ƙudurin Jidda. Amma wannan ƙwayar dai, idan aka ba mai tangarɗar D842V, ta koma wahami. Ashe hukuncin yana rataye ne da abin da aka sani game da wannan magani a jikin wannan mutum.

Haka gashi. Idan manufar ita ce tsayar da jini, rage zafin ƙashi, ko hana ƙullutu guda danne laka ya shanye ƙafafu, yana cikin sababai na zato, kuma zaton yana da ƙarfi daidai gwargwado. Zai zama mustahabbi, yana iya kaiwa wajibi inda ake tsoron shanyewar jiki kuma babu wata hanya. Idan manufar ita ce ƙara tsawon rai, hujjar ba ta kai ba tukuna, iyakarsa halacci. Idan kuwa ana yin sa da fatan waraka bayan cutar ta warwatsu a hanta da tantanin ciki, wannan wahami ne. Aiki ɗaya, na'ura ɗaya, hukunci uku, saboda manufa ta bambanta.

Gashi da hanin ƙuna da wuta

Akwai shubuhar da kan taso saboda hadisin Buhari da ya ambaci waraka a cikin ƙaho, zuma da lalas, sannan ya hana al'umma lalas. Wasu kan tambaya ko gashin na'ura ya shiga wannan hani. Amsar tana da fuska biyu. Ta farko, hanin kansa ba na haramci ba ne a wajen jumhur, domin Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wa Sa'adu ɗan Mu'azu lalas a raunin da ya samu, ya kuma aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu likitan da ya yi masa. Masu sharhi sun haɗa hadisan da cewa abin ƙi shi ne yin sa kafin buƙata, ko alhali akwai abin da ya fi sauƙi, ko da imanin cewa shi ke warkarwa da kansa. Ta biyu, gashin na'ura ba wuta ba ne. Haske ne mai ƙarfi da ke lalata ƙwayar gadon ƙarin har ya kasa hayayyafa, babu ƙarfe mai zafi, babu azabar ƙuna a lokacin yin sa. Illar da aka yi hanin dominta ba ta tabbata a cikinsa ba. Abin da ya rage na darasi daga babin lalas shi ne tsarin fifiko: magani mai tsanani ana ajiye shi sai inda mai sauƙi ya gaza, kuma haka likitocin GIST suke yi da gashi.

Auna amfani da cutarwa

Ƙa'idojin fiƙihu sun ce ana gusar da cuta, amma ba a gusar da ita da kwatankwacinta ko wadda ta fi ta, kuma idan cuta biyu suka haɗu ana ɗaukar mafi sauƙi. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a 1262, ya kwatanta likitanci da shari'a a wannan fuska, cewa duka biyun an gina su a kan jawo maslaha da tunkuɗe ɓarna. A nan awon ba ya tsayawa a kan girman ƙullutu a hoto. Mutumin da ƙarfinsa ya ƙare, ba ya iya tashi daga shimfiɗa, in aka ɗora masa zama 20 a garin da ba nasa ba, ga haɗarin hujewar hanji, domin a tsayar da ƙullutun da ba ya damunsa, an shiga kashin makaruhi. Mutumin da ke kan ƙafarsa, ƙwaya tana riƙe da sauran ciwon, wuri guda ne ya bijire yana zubar masa da jini, gashi a gare shi maslaha ce bayyananna. Akwai ma gajeren gashi na zama ɗaya zuwa goma da ake yi domin zafin ƙashi, wanda wahalarsa kaɗan ce.

Daga nan ne bambancin barin magani da kashe kai ke fitowa. Wanda ya dakatar da maganin da amfaninsa ya ƙare, cutarsa ce ta yi ajalinsa. Wanda ya nemi a yi masa allurar da za ta ɗauke ransa, aikin mutum ne ya kashe shi, wannan kuwa haramun ne ba tare da saɓani ba. Dakatar da gashi ko ƙwaya kuma ba ya sauke nauyin jinya. Ƙudurin Jidda ya nanata cewa ko a halin da likitoci suka fitar da rai, wajibi ne a ci gaba da kula da mara lafiya, a ƙarfafa masa zuciya, a rage masa raɗaɗin jiki da na rai. Maganin zafi mai ƙarfi irin su mofin, bisa awon likita, yana cikin wannan.

Mabiya addinin Kirista sun isa wuri makusancin wannan ta tasu hanyar. Malaman Katolika tun ƙarni na 16 suka bambanta hanyoyin tsare rai na yau da kullum, waɗanda suke dole, da waɗanda suka wuce ƙima, waɗanda ba dole ba ne. Fafaroma Pius na 12 ya jaddada wannan a jawabinsa ga likitoci a 1957, sanarwar Fadar Vatican ta 1980 kuma ta mayar da ma'aunin ga daidaito tsakanin wahalar magani da amfanin da ake sa ran samu.

Wanda ke da ta cewa

Tunda hukuncin ya rataya da manufa da kuma awon wahala, dole a san wanda zai yi awon. Likita ya san alƙaluma, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani burinsa ya ga auren 'yarsa nan da wata shida, zai jure kowace wahala. Wani burinsa ya ƙarasa kwanakinsa a ɗakinsa yana jin kiran sallar unguwarsu. Shari'a ta ba mara lafiya baligi mai hankali wannan haƙƙi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa a jinyar ƙarshe an ɗura wa Annabi (SAW) magani ta gefen baki bayan ya yi nuni da kada a yi, da ya farfaɗo sai ya nuna rashin yardarsa, ya sa aka yi wa waɗanda suka halarta irin abin da suka yi masa. Ƙudurin Jidda ya sharɗanta izinin mara lafiya ga magani, ya kuma sharɗanta yardarsa ba tare da tilas ko ruɗi ba idan za a sa shi cikin bincike, abin da ya shafi haɗin gashi da ƙwaya kai tsaye tunda har yanzu ana kan nazarinsa.

Izini kuwa ba ya inganta sai da sani. A nan al'adar ɓoye wa mara lafiya sunan ciwonsa, wadda dangi kan yi saboda tausayi, take cin karo da shari'a. Wanda aka ce masa za a gasa ciwon ya mutu, ya yarda ne da abin da babu shi. Amana ta wajabta wa likita ya faɗi alƙaluman biyu tare, wata 16 na wurin da aka gasa da wata 4 na sauran jiki, cikin lafazi mai taushi, a lokacin da ya dace, gwargwadon abin da mara lafiya ke son ji. Faɗin gaskiya ba ya kore fata, domin waraka a hannun Allah take, kuma abin da likitoci suka ce ba shi da magani a 1999 ya samu magani a 2000. Amma ɓoyewa tana hana mutum rubuta wasiyya, biyan bashi, neman yafiya da shirya wa iyalinsa, waɗanda duk haƙƙoƙi ne da ba wanda zai sauke masa.

Iko da nisa

Kowane wajibi yana da sharaɗin iko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa imatinib cikin jerin magungunan da ba makawa sai da su a 2015, kuma a Najeriya an shafe shekaru ana raba shi kyauta ta asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin wani shirin tallafi na ƙasa da ƙasa. Magungunan da ke biye da shi suna da tsada ƙwarai. Na'urorin gashi kuma ba su da yawa in aka dubi yawan jama'a. Mai neman su daga Arewa yakan nufi manyan asibitoci irin na Shika a Zariya, na Sakkwato ko na Abuja, a Nijar kuwa sai a 2021 aka buɗe sashen gashi na farko a Yamai. Ga talaka, mako huɗu na gashi yana nufin kuɗin mota, masauki, abinci da mai jinya da ya bar sana'arsa.

Shari'a ba ta ɗora wa mutum ya sayar da gonar da marayunsa za su ci ba domin sababi na zato. Idan ya zaɓi ya kashe dukiyarsa a kan maganin halal, haƙƙinsa ne, magada ba su da ikon hana shi. Idan ya zaɓi ya bari, ba a kiran sa mai sakaci, danginsa ma ba a kiran su marasa tausayi. Nauyin da ya sauka daga kan mutum ɗaya yana komawa kan jama'a: samar da likitoci, ɗakunan gwajin nama da na'urori farilla ce ta kifaya a kan hukuma da mawadata, kuma mara lafiyar da jinya ta talauta yana cikin masu haƙƙin zakka.

Hukuncin a taƙaice

Haɗa gashi da ƙwaya mai saiti ga mai GIST da ya yi nisa halal ne a asalinsa, ba ya karo da tawakkali, bai kuma shiga hanin ƙuna da wuta ba. Shan imatinib ga wanda gwaji ya nuna zai amfane shi, kuma yake da ikon samu, ya fi kusa da wajibi. Ƙara gashi a kansa mustahabbi ne idan akwai zafi, zubar jini ko barazanar naƙasa da ake son tarewa, halal ne idan ana fatan jinkirta ƙullutu guda, makaruhi ne idan wahalarsa da haɗarinsa sun rinjayi amfaninsa. Likitoci amintattu ne ke fayyace matakin da mara lafiya yake, shi kuma ke yanke shawara bayan an gaya masa gaskiya. Wanda ya yi gashin bisa wannan sani bai yi laifi ba, wanda ya bar shi bisa wannan sani bai yi laifi ba, kula da shi kuwa wajibi ne a kan danginsa da likitocinsa har ƙarshen kwanansa.